Inuwar da Haidiranjiya Take Nema

A watan Yuni, lokacin da daminar Japan ke kankama, mutane kan yi layi tun da sassafe a ƙofar wurin bautar Meigetsu-in da ke Kamakura, kudu da Tokyo, don kallon wata shuka guda. Japanawa na kiranta ajisai, masu jin Faransanci na ce mata ortansiya, sauran duniya kuma ta fi saninta da haidiranjiya. Ƙaramar bishiya ce da ba ta yin gangar jiki ɗaya. Rassa ne ke tasowa da yawa daga gindi, su kai ƙirjin mutum ko su ɗan wuce, ganyenta faffaɗa mai laushi, furenta kuma manyan dunƙulaye ne da wani kan cika hannu biyu. A Meigetsu-in dubban gindi ne jere a gefen matakalar dutse, ƙarƙashin manyan itatuwa, kusan dukansu shuɗi. Duk wanda ya ga wannan zai yarda da abin da ake rubutawa a jikin tukunyarta a shagunan furanni, wato shuka ce mai son inuwa. Amma a tsibirin Faial na ƙasar Fotugal, can tsakiyar tekun Atlantika, wannan shukar ce ake yin shingen gonaki da ita, tana tsaye a fili ƙarƙashin rana tun safe har yamma, tana fure har ana yi wa tsibirin laƙabi da shuɗin tsibiri. Haka ma a Biritaniyar Faransa, inda take jingine da katangun gidaje a sarari. To, ina son inuwar ya tafi?

Amsar ita ce haidiranjiya ba ta da wata soyayya ta musamman da duhu. Abin da ba ta jurewa shi ne zafi haɗe da busasshiyar iska, inuwa kuwa hanya ce kawai ta rage mata su. Wanda ya fahimci haka zai san cewa yawan inuwar da za a ba ta ba abu ne da ake karantawa a takarda ba, wurin da mutum yake ne ke yanke shi. Asalinta ma ya nuna haka. Nau'in da aka fi shukawa, wanda masana ke kira Hydrangea macrophylla, yana fitowa da kansa a gaɓar tekun tsibirin Honshu, a yankunan Izu da Boso da Miura, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, ruwan sama kuma ya kai milimita 1,500 ko fiye. Shukar da ta tashi a irin wannan wuri ba ta koyi tsimin ruwa ba. Ganyenta babba ne, ba shi da kaurin fata ko maiƙon da ke tsare ruwa irin na ganyen mangwaro, saiwarta kuma tana yawo ne a saman ƙasa, ba ta nutsawa can ciki. Ruwa na fita ta ƙananan ƙofofin da ke bayan ganyen, fitar tasa ce ke sanyaya shukar, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo a jikinta. Idan rana ta take, iska ta bushe, ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke iya turowa, sai ganye ya langaɓe, gefensa ya ƙone, fure ya koma ruwan ƙasa. A Faial zafin bazara kan tsaya ne a wajen digiri 26 a ma'aunin Salshiyos, teku kuma na kewaye da ita, saboda haka lissafin ruwan bai taɓa karyewa ba ko a tsakiyar fili.

Daga nan ne kuskuren da aka fi yi ke fitowa, kuma kuskure ne na mai kyakkyawar niyya. Mutum ya ji an ce inuwa, sai ya nemi lungu mafi duhu a gidansa, ƙarƙashin itace mai cunkoson ganye ko tsakanin katanga biyu, ya dasa. Shukar ba za ta mutu nan da nan ba. Za ta yi ganye kore shar, rassa su yi ta miƙewa sirara suna neman haske, shekara ta zagayo babu fure ko ɗaya. Dalili a bayyane yake. Fure abu ne mai tsada ga shuka, da abincin da ganye ya haɗa daga hasken rana ake biyansa, a ƙarƙashin itace mai duhun ganye kuwa hasken da ke isowa ƙasa kan ragu zuwa kashi 1 ko 2 cikin 100 na wanda ke sama. Masu lambu sun daɗe da raba inuwa gida-gida: wurin da ke samun rana awa 6 ko fiye shi ne sarari, mai samun awa 3 zuwa 6 shi ne rabin inuwa, abin da ya gaza awa 3 shi ne cikakkiyar inuwa. Haidiranjiya 'yar rabin inuwa ce. Sai dai ƙidayar awa kaɗai ba ta isa ba, domin awa huɗu na hantsi da awa huɗu daga azahar zuwa la'asar ba ɗaya ba ne. Da safe iska na da sanyi, ƙasa na riƙe da raɓar dare, ganye na iya cin haske ba tare da ya yi asarar ruwa mai yawa ba. Bayan azahar hasken bai fi na safe amfani ba, amma zafinsa ya ninka. Shi ya sa gefen gabas na ɗaki ko katanga ya fi ko'ina: rana ta same ta da hantsi, ginin ya kare ta kafin azahar.

Akwai wata shawara da ke cike littattafan lambu na Turai da Amurka, cewa a dasa shukar inuwa a arewacin gini, domin can rana ba ta zuwa. A Landan, wadda ke digiri 51 arewa da tsakiyar duniya, gaskiya ne, tunda rana ba ta taɓa hawa tsakar ka ba, kullum tana karkace ta kudu. Amma wannan ƙa'ida tana lalacewa da zarar an shigo ƙasashe masu zafi. A wurin da ke digiri 12, kamar Kano, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana na bi ne ta arewacin tsakar ka, saboda haka katangar da ke ba da inuwa a watan Disamba ita ce rana ke duka a watan Mayu, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Wannan ƙaramin misali ya isa ya nuna haɗarin ɗauko shawara daga wata ƙasa a dasa ta yadda take. Gabas kuwa gabas ce a ko'ina.

Inuwar itace ma tana da nata tarkon, wanda ba a gani domin yana ƙarƙashin ƙasa. Itacen da ya ba da inuwa shi ne kuma ke shanye ruwan wurin. Darbejiya da mangwaro na shimfiɗa saiwa nesa da gindinsu, ganyensu kuma na tare yayyafi kafin ya sauko, sai a sami wuri mai duhu kuma busasshe, wanda shi ne mafi munin abin da za a haɗa haidiranjiya da shi. Mai lambu zai yi ta zuba ruwa da taki, yana ciyar da babban itacen bai sani ba. Inuwar da ke da amfani ita ce ta itace mai tsayi, mai ƙananan ganye da haske ke ratsawa yana yawo a ƙasa, kuma a dasa shukar a bakin inuwar, nesa da gindi. A ƙasashe masu sanyi abin ya zo da sauƙi, domin yawancin itatuwa na zubar da ganye a lokacin sanyi, haidiranjiya ta sami haske sosai sa'ad da take toho, sannan rumfar ta rufe daidai shigowar zafi.

Wani zai ce ai duk wannan dogon bayani ne, tunda matsalar ruwa ce, a yawaita ban ruwa a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana kashe shuke-shuke da yawa. Langaɓewar ganye da rana tsaka ba kullum take nufin ƙasa ta bushe ba. Sau da yawa ƙasar na da laima, saiwar ce ba ta iya tura ruwa da saurin da ganye ke zubarwa, kuma da yamma ta yi sanyi sai shukar ta miƙe da kanta. Wanda ya ga yaushi ya ɗauko bokiti kullum zai cika ramin da ruwa, iska ta ƙare a cikin ƙasa, saiwa ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta shan ruwa, saboda haka ganye ya ƙara yaushi, mai lambu ya ƙara ruwa, har a kai ga inda ba a dawowa. Gwajin mai sauƙi ne: a duba ta da asuba. Idan ta miƙe, lafiyarta ƙalau. Idan har lokacin a langaɓe take, a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in ya fito a bushe a ba ta ruwa mai yawa a gindi, ba a kan ganye ba, sannan a bari sai saman ƙasar ya sha iska. Abin da ya fi bokiti amfani shi ne gyaran ƙasa tun kafin dashe. A haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar da ta zo a ciki, kada ya fi ta zurfi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ko tsohon takin da ya huce, bayan dashe a lulluɓe gindin da busasshen ganye mai kaurin yatsa uku ko huɗu ba tare da ya taɓa rassan ba. Ƙasa mai irin wannan haɗi tana riƙe laima kuma tana barin rarar ruwa ta wuce. Jigawa tsantsa ba ta riƙewa, laka tsantsa ba ta saki.

Launin furen shi ne ya fi jawo mata suna, kuma shi ma ƙasar wurin ce ke yanke shi. Gindi ɗaya na iya yin shuɗi a wani lambu, a raba shi a kai wani lambun ya yi ruwan hoda. Sinadarin launin iri ɗaya ne a duka biyun, abin da ke juya shi zuwa shuɗi shi ne alminiyam da shukar ta tsotsa daga ƙasa. Alminiyam na nan a kusan kowace ƙasa, amma ba ya narkewa yadda saiwa za ta ɗauke shi sai ƙasar ta yi tsami. A ma'aunin pH, daga 5.5 zuwa ƙasa ana samun shuɗi, daga 6.5 zuwa sama ruwan hoda ko ja, tsakaninsu kuma shunayya ko gauraye, har a ga launi biyu a gindi guda. Ƙasar Japan da ta tsibiran Azores, inda Faial take, ƙasar aman wuta ce da ruwan sama ya daɗe yana wankewa, shi ya sa shuɗi ya yi yawa a can. Mai son shuɗi a ƙasar da ba ta da tsami yakan narka gishirin alminiyam, ɗan'uwan alif ɗin da ake tace ruwa da shi, kimanin cokali ɗaya na cin abinci a lita 4 na ruwa, ya zuba a gindi bayan ya jiƙa ƙasar, domin a busasshiyar ƙasa yana ƙona saiwa. Amma aikin ba ya ci idan wurin na yaƙi da shi. Toka na kashe tsamin ƙasa. Siminti da farar ƙasa da ke zuba daga jikin katanga ma haka, ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri shi ma haka. Takin zamani mai yawan fosfaras kuma yana ɗaure alminiyam ya hana shi shiga saiwa, saboda haka wanda ya zuba NPK 15-15-15 da yawa yana rushe abin da ya gina. Farare kuwa ba ruwansu da wannan duka. Irin da Bafaranshe Emile Mouillère ya fitar a 1909 ya sa masa sunan matarsa, wanda har yau ake sayarwa, fari ne a kowace ƙasa aka sa shi.

Ko an dace da wuri da ƙasa, almakashi na iya ɓata shekara guda. Yawancin tsofaffin irin macrophylla na ƙulla furen baɗi ne a kan rassan bana, tun ƙarshen bazarar ƙasashe masu sanyi zuwa kaka, ƙullin ya kwana a cikin toho har sanyi ya wuce. Mai son tsafta da ya zo ya yi mata aski a lokacin sanyi ya zubar da furen da bai gani ba. Datsa, in ta zama dole, ana yin ta ne da zarar fure ya gama, kuma ta tsaya ga cire busasshen kan furen zuwa toho biyu masu ƙarfi na farko, da fitar da tsofaffin rassa kaɗan daga gindi. Akwai nau'o'in da ba haka suke ba, irin su paniculata da arborescens, masu fure a kan sabon reshe, waɗanda ake iya datsewa sosai. Sanin wanne ne a hannun mutum ya fi kowace dabarar riƙe almakashi.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan duk abin da aka faɗa ita ce ta ci gaban zamani. Tun da shukar ta isa lambun Kew na Ingila a ƙarshen shekarun 1780 ta hannun Joseph Banks, kuma likitan nan Bajamushe Philipp Franz von Siebold, wanda ya zauna a Nagasaki daga 1823 zuwa 1829, ya ƙara gabatar da irin Japan ga Turai, masu haɗa iri ba su huta ba. A 2004 kamfanin Bailey Nurseries na jihar Minnesota ya fitar da Endless Summer, mai fure a kan tsohon reshe da sabo, abin da ya buɗe kasuwa a wuraren da a da ba a iya samun furenta. Ga kuma ragar inuwa, ga ban ruwa na ɗigo, ga tukwane da ake cikawa da ƙasar da aka ga dama. In haka ne, me ya rage na sharaɗin wuri? Abin lura shi ne matsalar da Endless Summer ta warware ta sanyi ce, wato ƙanƙarar da ke kashe tohon tsohon reshe. Ba ta canza faɗin ganye ko ƙishirwarsa ba. Kuma akwai wani sharaɗi da raga ba ta kawowa. Macrophylla na ƙulla fure ne da kyau idan yanayi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 18, masu rainonta don kasuwa ma kan ajiye ta a ɗakin sanyi na kusan mako shida kafin su tashe ta. Misalin Kolombiya ya nuna iyakar abin. Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, kuma tana cikin manyan masu fitar da furen haidiranjiya zuwa Amurka, amma gonakin suna kan tsaunukan Antiyokiya, wajen La Ceja da Rionegro, sama da mita 2,000 daga teku, inda dare ke da sanyi duk shekara. Tsayin wurin ne ya ba su abin da nisan arewa ya ba Japan.

Wannan shi ne ma'aunin da mai sha'awarta a Afirka ta Yamma zai ɗora kansa a kai. Tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yana da ruwan sama mai yawa da dare mai sanyi, tudun Mambila a jihar Taraba kuma ya fi shi tsayi da laima, har ana noman ganyen shayi a can, shukar da ita ma ke son ƙasa mai tsami da iska mai sanyi. A irin waɗannan wurare sharuɗɗan sun kusa cika, abin da za a yi tsaro a kai shi ne hunturu, domin sanyinsa na da amfani amma bushewarsa na yi wa ganye illa, sai an sami kariyar katanga ko shinge ta gefen arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40, kuma a yi wata bakwai ba ɗigon ruwan sama, abin da mai sayar da furanni a bakin titi ya miƙo cikin tukunya da fure a kai zai yi kyau na 'yan makonni, daga nan sai jinya. Ana iya riƙe ta da rai a baranda da ruwa safe da yamma, amma fure na biyu da wuya, kuma a unguwar da ake sayen ruwa a jarka wajen 'yan garuwa, wannan kuɗi ne da ya kamata a yi wa lissafi tun kafin a saya. Ga kuma batun dabbobi da yara: ganyenta da furenta na da guba. A 2008 an sami mutanen da suka kamu da amai a Tsukuba da Osaka bayan sun ci ganyen da aka yi wa abinci ado da shi a gidajen cin abinci. Gidan da awaki ke yawo a tsakar gida ba wurinta ba ne sai da shinge.

Wanda ke ƙasa mai zafi kuma yake son manyan dunƙulayen fure a gefen ɗakinsa bai rasa mafita ba, domin akwai ƙananan itatuwan da suka tashi a zafi suke kuma jure rabin inuwa. Iksora, wadda asalinta kudancin Indiya da Siri Lanka ne, ta riga ta zama shingen gidaje da ofisoshi da yawa a Najeriya, furenta ja ko ruwan goro a dunƙule. Ita ma mai son ƙasa mai tsami ce, shi ya sa wadda aka dasa dab da siminti ganyenta ke yin rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore, alamar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Akwai kuma Mussaenda erythrophylla, 'yar asalin dazuzzukan Afirka ta Yamma, wadda adonta ya zo iri ɗaya da na haidiranjiya: a duka biyun ainihin furen ƙarami ne, abin da ke ɗaukar ido ganyen da ke tallafe da shi ne ya faɗaɗa ya yi launi, a wajen musanda ja wur. Iksora da musanda duk suna kamawa daga yankan reshe. A farkon damina a yanko reshen da ya fara ƙwari mai tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa, a rage faɗin na sama da rabi don kada ya zubar da ruwa, a soka shi cikin rairayi gauraye da ruɓaɓɓen ganye, a ajiye inda haske ke isa amma rana ba ta duka. Idan sabon toho ya fito kuma reshen ya ƙi zarewa da aka ɗan ja shi, saiwa ta kama, sai a mayar da shi gefen gabas na ɗaki tun ruwan sama bai ɗauke ba.